Kitse a Tankin Jirgin Sorrel

Minot, Dakota ta Arewa
6 ga Oktoba

Zuwa ga Noreen,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Lucien da yara. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, kunne ya mutu, likita kuma ya ce zuciyata ta fi ta saurayi ƙarfi, wato akwai sauran wahala a gaba ke nan.

Na yi mamakin ganin wasiƙarki. Rabona da ke tun jana'izar Gwaggo Frieda, shekara tara ke nan, kuma a ranar ma ban ji abin da kika ce mini ba, kai kawai na gyaɗa. Kakanki Emil ƙanin mahaifiyata ne, saboda haka Kawun da kika kira ni bai ɓata ba. Kin kuma kyauta da kika rubuto da hannu. Waya ba ta da amfani a wurina, kwamfuta kuwa na bar musu abarsu ranar da suka sallame ni.

Bari in maimaita abin da na fahimta, ki gyara mini idan na kuskure. Ke ce direbar jirgin ƙasan da ke hawa arewa zuwa Tafkin Sorrel sau biyu a mako, tafiyar mil ɗari biyu a dajin da babu hanyar mota, kina jan taragun kaya da taragon fasinja ɗaya. Kamfaninku ya tsallako iyaka ya sayi dizal mai araha a wajenmu, irin wanda ake gauraya wa mai na daban, kashi ɗaya cikin biyar. Kina tambaya ko zai jure sanyinku.

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin gwajin mai na layin dogo, kuma ke ce ta farko a dangi da ta taɓa tambayata wani abu a kansa. To, ji nan. Gaurayen man ba shi da laifi. Na ga ƙasashe da dama suna tuƙa jirage da shi, wasu na man ja, wasu na waken suya, hayaƙinsa ma ya fi sauƙi. Abin tambaya shi ne da me aka yi shi. Idan na kanola ne, shukar man nan ta gonakinku, yana da haƙuri da sanyi. Idan kuwa na kitsen shanu ne, wanda mahautan nan suke sayarwa da araha da rani, to ki tuna yadda fuskar miya take idan ta huce a tukunya. Haka yake yi a bututun inji.

Takardar mai sayarwa ba za ta gaya miki ba. Ki sami kwalbar jam mai tsabta, ki ɗebo man daga bakin tiyon da ake zuba wa kan jirginki, ki rufe, ki sa a gidan ƙanƙara na firjinki kwana ɗaya. Ki ɗaga ta ga hasken taga. Idan kina iya karanta jarida ta cikinta, ki kwantar da hankalinki. Idan ba kya iyawa, ki rubuto mini.

Ki gaida Lucien, ko da yake ban tuna fuskarsa ba.

Kawunki,
Orval Hettich

*

Saskatchewan
19 ga Oktoba

Kawu Orval,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya lau, sai tarin Lucien da ya saba zuwa masa kowace kaka.

Na yi yadda ka ce. Lucien ya buɗe firji neman kifi, ya ga kwalbar, ya ce, "Noreen, wannan kuma wane irin zuma ne mai warin gareji?" Washegari na ɗaga ta ga taga. Kawu, ko yatsana ban gani ta ciki ba. Sama ya yi dishi-dishi, ƙasa kuma wani farin abu ya kwanta kamar man shanu. Ni kuwa na san dajin nan da sanyi. Akwai wurin da ko wayar hannu ba ta kamawa, sai oba-oba.

Na kai wa injiniyan kamfani kwalbar har ofis. Yaro ne mai ladabi, ba zai wuce talatin ba. Ya duba, ya ce lallai na kitse ne, amma kafin tsakiyar Nuwamba za a kawo man sanyi a zuba a kai ya tsinka shi. Ya kuma ce inji mai aiki yana mayar da ragowar mai da ɗuminsa cikin tanki, don haka ba ya daskarewa. Da na ce kawuna tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya koya mini dabarar kwalba, sai ya yi dariya ya ce, "Ai tsofaffin nan kirki gare su, sai dai duk abin da aka ƙirƙiro bayan sun bar aiki tsoronsa suke ji." Kada ka ji haushi, na gaya maka ne don ka yi dariya. Shin gaskiya ya faɗa game da ɗumin man?

Takarda ta cika, bari in juya.

Ga albishir. 'Yarmu Josette ta sauka ranar Talata, mace, lafiya ƙalau. An sa wa jaririyar Hilda, sunan mahaifiyarka. Ni na kawo shawarar, don Kaka Emil bai taɓa daina zancen yayarsa ba har ya rasu. Zan aiko maka da hoto idan an wanko.

Sai wani abu kuma. Makon jiya sun ɗaura mana wani akwati a kan jirgi. Idan mun tsaya fiye da minti ashirin, shi ke kashe inji da kansa don tattalin mai, wata 'yar hita kuma ta riƙa ɗumama ruwan injin kada ya daskare. Wilf, kwandastana, ya ce shekara talatin yana aikin nan bai taɓa ganin an kashe inji da sanyi ba, kuma shirun yana hana shi gyangyaɗi. An ce duk wanda ya taɓa akwatin, a bakin aikinsa. Mukan tsaya a mahaɗar Mil 112 muna jiran jirgin ma'adinai ya wuce, wani lokaci awa huɗu. Idan ka ga da matsala a nan, ka gaya mini, zan san yadda zan yi.

Taka,
Noreen

*

Minot
30 ga Oktoba

Noreen,

Ina gaisuwa. Lafiyata tana nan yadda kika bar ta.

To, ashe tsoro nake ji. Ki gaya wa yaron nan mai ladabi cewa lokacin da nake gwada irin man nan, uwarsa tana goge masa majina. Ni na fara gwada shi a layinmu, da hannuna, a kan jirage shida, sanyi uku a jere. Ni na rubuta musu rahoto mai shafi arba'in, na ce man yana da kyau, a yi amfani da shi, amma a rage gaurayen daga Oktoba, kuma kada a sayi na kitse don layin arewa. Kin san abin da aka yi da rahoton? Wani manaja da bai san bambancin dizal da ruwan shayi ba ya kira ni, ya ce, "Malam Hettich, kai fa masani ne, mun sani. Amma masana sun yi mana yawa, direbobi muke nema." Bayan wata huɗu aka rufe ɗakin gwajin, aka ce za a riƙa aika samfur wani gari. Aka ba ni agogon bango mai hoton jirgi. Yana nan a kicin, ya tsaya tun bara, ban saya masa batir ba.

Na yi digiri biyu, Noreen. Malamina ya so in zauna a jami'a, na ce a'a, ni aikin da ake gani da ido nake so. Yau ga ni, abin da ake nema a wurina shi ne in gyara wa maƙwabciyata Misis Oyen injin yankan ciyawa. Su kuma yaran da aka ɗauka bayanmu suna karanta abin da muka gano a allo, suna zaton daga sama ya faɗo.

Amma tunda kin tambaya, kuma ni ba na ƙarya a kan aiki ko da a kan wanda ya zage ni ne: gaskiya ya faɗa. Inji yana jan mai fiye da abin da yake ƙonawa, ragowar tana komawa tanki da zafinta. Muddin yana ruri, bututu da filta, wato matatar mai, ba za su toshe ba, musamman idan an tsinka shi da man sanyi. Ku kuma 'yan arewa kowa ya san halinku, daga Nuwamba zuwa Maris ba kwa kashe inji ko da cikin gareji ne. Wannan tsohuwar al'ada ta fi duk takardunsa tsare ki. Saboda haka ki daina tashin hankali, ki dai ajiye filta biyu na ko-ta-kwana a akwatin kayan aiki.

Ki ce masa tsohon yana gaishe shi.

Orval

*

Minot
1 ga Disamba

Noreen,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya, kuma ina roƙon Allah ta same ki a gida. Ki karanta yanzu, kada ki ajiye sai an jima.

Na sake nazarin wasiƙarki, batun akwatin nan da ke kashe inji. Ki manta da duk abin da na ce miki a wasiƙata ta baya. Shi akwatin nan, ruwan inji da batir yake tsaro, bai san da zaman mai ba. Idan ya kashe injin, ɗumin da ke komawa tanki ya yanke. Tankin kansa babba ne, zai jima, amma siraran bututun da ke waje da filta ba za su kai awa biyu ba a irin sanyinku. Kitsen zai kwanta a ciki. Za ki murza, injin ya kama na minti ɗaya da ɗan abin da ya rage, ya mutu, shi ke nan. Kuma idan janaretan taragon fasinja daga tanki ɗaya ake ba shi, shi ma zai bi sahu, don ƙaramin inji ba ya mayar da ɗumin kirki.

Man sanyin da aka zuba a kai ba zai cece ki ba idan ragowar na rani ta kai rabin tanki. Kin sake gwajin kwalba bayan an zuba? Ban ce ki sake ba. Ya kamata in ce.

Ga abin da za ki yi. A bayan kujerarki, cikin kabad ɗin lantarki, akwatin yana da makunninsa. Ki sauke shi kafin ki bar tasha. Idan sun kore ki, sun kore ki, zan rubuta musu duk abin da ake bukata. Kada ki bari injin nan ya yi shiru a Mil 112.

Na ga taswirar yanayi a talabijin yau da safe, wani baƙin sanyi yana saukowa ta kanku. Ba ni da lambar wayarki, ban taɓa tambaya ba tunda ba ji nake ba. Na tsallaka gidan Misis Oyen da silifas, ta nemo lambar kamfaninku ta buga. Ina tsaye ina kallon bakinta. Ta rufe wayar da tafin hannu ta ce da ƙarfi, "Orval, yarinyar ta ce ba sa ba da lambar ma'aikata. Ta ce kai wane ne?" Na ce ta ce kawunta. Ta ce, "Ta ce wane irin kawu ne bai da lambar 'yarsa?" Na ce ta bar wannan, ta ce a gaya wa direba kada a kashe inji. Yarinyar ta ce za ta rubuta a takarda ta ajiye wa injiniya, ranar Litinin zai shigo. Jirgin arewa kuwa, in ji ta, gobe Asabar da sassafe zai tashi.

Na biya kuɗin aikawa da gaggawa. Mutumin gidan waya ya ce kwana huɗu, idan 'yan kwastan ba su riƙe ba.

Fiye da wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Kawunki

*

Minot
10 ga Disamba

Noreen,

Gaisuwa. Ban san ko wa zai buɗe wannan ba.

Misis Oyen ta nemo mini wani ɗan labari a wayarta, layi huɗu kacal. Wai jirgi ya maƙale a dajin arewacin Saskatchewan ranar Asabar ta makon jiya, an kwaso fasinjoji, an kai ma'aikaci ɗaya asibiti. Ba suna. Ba su ma ce mace ko namiji ba. Na sa ta karanta mini sau uku, sannan na karɓa na karanta da kaina, kamar zan ga wani abu da ta tsallake.

Mun sake buga wa kamfanin. Yanzu wani namiji ne ke ɗauka, ya ce ba za su ce komai ba sai an gama bincike. Misis Oyen ta ce masa, "Bawan Allah, tsoho ne a gabana yana rawar jiki, ka ce mana dai tana da rai ko babu." Ya ce ba shi da izini. Mun gwada asibitoci biyu, suka ce sai dangi na kusa. Na kasa yi musu bayanin Emil da mahaifiyata ta bakin wata.

Ina zama a bakin taga daga ƙarfe goma, lokacin da mai kawo wasiƙa ke wucewa. Jiya ya ɗaga mini hannu ya wuce. Na san abin da sanyi irin wannan ke yi wa mutum, na taɓa ganin wani mai duba layi da aka tsinto a Montana, ba kuwa zan rubuta miki yadda yake ba. Ina ta lissafin awa nawa tarago ke riƙe ɗumi bayan hita ta mutu. Lissafin ba ya fita da kyau ko ta ina na biyo masa.

Lucien, idan kai ne ke karantawa, ba ka san ni ba, kuma ba ni da wani haƙƙi a kanka. Amma ka rubuto mini gaskiya, kowace iri ce.

Orval Hettich

*

Saskatchewan
14 ga Disamba

Kawu Orval,

Kada rubutun ya tsorata ka, hannun Lucien ne, ni ke faɗa yana rubutawa. Ina da rai, ina gida tun shekaranjiya. Wasiƙunka biyu na tarar a kan tebur, ta uku kuma ba ta iso ba tukuna idan ka aiko. Lucien ya ce in gaya maka ba ya buɗe wasiƙar da ba tasa ba, shi ya sa bai amsa ba, kuma yanzu ya yi da-na-sani.

Mun isa Mil 112 da ƙarfe tara na safe, sanyi talatin da takwas ƙasa da sifili, ga iska. Fasinja goma sha bakwai, yawancinsu 'yan Sorrel da suka sauko sayayyar Kirsimeti. Bayan minti ashirin akwatin ya kashe inji. Wilf ya dubi kabad ɗin ya ce, "Noreen, ki juya baya ki kalli daji, ni in sauke abin nan, ba wanda ya gani." Na ce masa a'a. Na ce na rubuta wa kawuna batun akwatin dalla-dalla, ya amsa mini shafi biyu bai ce yana da laifi ba, kuma shi ya fi mu duka sanin mai. Wilf ya ce, "To, Allah ya ja zamanin Kawu," ya ja hularsa ya rufe ido.

Jirgin ma'adinai bai wuce ba sai ƙarfe ɗaya. Na tayar da inji, ya kama, ya yi tari, ya mutu. Daidai yadda ka rubuta, har minti ɗayan. Na kira ta oba-oba, suka ce kan jirgin da zai zo ceto sai ya yi awa bakwai. Kafin ƙarfe biyu janaretan tarago ma ya tsaya.

Na ɗauko filtar ko-ta-kwana na fita. Da na zare tsohuwar, cike take da farin abu, da cokali za ka iya kwasa. Robar bakin sabuwar ta ƙi zama, ba ta kamuwa da safar hannu, sai na cire ta dama. Na san bai kamata ba, kowa ya sani. Na ce daƙiƙa goma ne. Sai ragowar man da ke cikin gidan filtar ya kwararo mini a hannu. Ban ji zafi ba, Kawu, na ga dai yatsuna sun yi fari kamar kyandir. Na ƙarasa ɗaurawa, amma a banza, don bututun ma ya toshe.

Wata tsohuwa, Misis Ballantyne, ita ta karɓe ragamar tarago. Ta leƙo ta ga Wilf yana ta kiran ofis, ta ce, "Kai mai hula, ofis ne zai ɗumama mu? Ga tsofaffin katakon layi can a jibge, ku kwaso." Wilf ya ce kayan kamfani ne. Ta ce, "In sun zo ka ce ni na sace, su kai ni kurkuku, can ai da hita." Aka hura wuta a gefen layi, aka riƙa gasa duwatsu ana naɗewa a riguna ana shiga da su ciki. Ta tara yara huɗu a tsakiya, manya suka kewaye su. Ni kuma ta cusa hannuna a hammatarta, ta ce, "Ke direba, in kin motsa sai na mare ki. Kin ga abin da gwaninta ta ja miki." Wani ƙaramin yaro ya daina kuka wajen ƙarfe biyar, ya fara lumshe ido, uwarsa tana girgiza shi tana kiran sunansa. Wannan ne abin da nake gani har yanzu idan na rufe ido. Ya tashi, yana lafiya, duk sun tsira.

An cire mini yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi, da kan na tsakiya. Likitan kamfani zai duba a watan Maris ko zan iya komawa tuƙi. Birki da hannun dama ake kama shi.

Kada ka ɗora wa kanka komai. Na yi fushi da kai a Nuwamba, gaskiya, don ba ka yi mana barkar Hilda ba, shi ya sa na yi shiru. Wauta ce. Wasiƙarka ta makara da kwana uku ne kawai, wannan kuma laifin gidan waya ne.

Za a zauna bincike ranar tara ga Janairu. Injiniyan ya zo asibiti, idonsa ja wur. Ya ce abu ne da ba wanda zai iya hangowa, kuma lauyan kamfani yana so in faɗi haka. Ina ganin zan faɗa. Yaron ya ba ni tausayi, kuma ai gaskiya ce: kai kanka da ka yi shekara ashirin da shida a aikin, sai da ka yi fiye da wata guda kana nazari kafin ka gano. Sun ce akwatin zai ci gaba da aiki, za su dai ƙara man sanyi. Wani direba ne ke hawa da Wilf yanzu.

Lucien ya ce hannunsa ya gaji, wai tun makaranta bai yi rubutu haka ba.

Taka,
Noreen

*

Minot
23 ga Disamba

'Yata Noreen,

Na gode wa Allah da ya bar ki da rai. Ina gaida Lucien, na gode masa da aron hannu. Da na ga baƙon rubutu a bayan ambulan, sai da na ajiye ta a kan tebur na zauna ina kallonta har shayina ya huce. Misis Oyen ce ta farke mini. Yaya hannun? Ki bi abin da likita ya ce, kada ki yi gaggawar cire bandeji.

Yanzu ki sa Lucien ya karanta miki wannan a hankali, kuma ya ajiye ta, za ku buƙace ta.

Ba laifin gidan waya ba ne. Ban yi wata guda ina nazari ba. Na rubuta miki cewa na sake nazarin wasiƙarki, ƙarya ce, na zaɓi kalmar ne don ta rufa mini asiri. Ranar da wasiƙarki ta iso a Oktoba, na karanta har inda yaron ya ce tsofaffi tsoro suke ji, da tambayar da ke biye. Daga nan jinina ya hau, na jefar da takardar a kan firji, na ɗauki biro. Ban juya ta ba. Ban ga Hilda ba, ban ga akwatin ba, ban ga inda kika ce in gaya miki idan da matsala ba. Na cika miki shafi biyu da labarin agogon bango da digirina, sannan na ce ki kwantar da hankalinki. Ranar ɗaya ga Disamba, da na ga taswirar sanyi, na ɗauko takardar don in duba adireshinki, ta faɗi ƙasa ta kife. A tsugune na karanta bayanta.

Kin tsaya a Mil 112 kin hana Wilf sauke makunni saboda shiruna. Kin ɗauka shirun masani ne. Shirun mutumin da bai karanta ba ne. Shekara ashirin da ɗaya ina zagin waɗanda suka ajiye rahotona ba su buɗe ba, nawa kuwa shafi arba'in ne. Naki takarda ɗaya ce.

Barka da samun Hilda. Na san ta makara, na kuma san ba ta da wani daɗi yanzu. Mahaifiyata da ta ji, da ta yi kuka.

Ga dalilin da ya sa ban bar wannan magana ta bi ni kabari ba, ko da yake na yi kwana biyu ina son in bari. Kada ki faɗa wa masu bincike cewa ba wanda zai iya hangowa. Daga lokacin da idona ya sauka a kan layin akwatin zuwa lokacin da na gane abin da zai faru, ban ko miƙe daga tsugunen ba. Duk wanda ya ga kwalbarki, ya kuma san da akwatin, zai gane nan take. Yaron ya ga kwalbar, shi ya sa hannu aka ɗaura akwatin. Ba na cewa mugu ne. Ya riƙe abu biyu a hannu bai haɗa su ba, ni kuma na riƙe ɗaya na ƙi duba ɗayan. Idan kika ce ƙaddara ce, za su rubuta ƙaddara, akwatin ya ci gaba da kashe inji a dajin nan, kuma ba kullum ake samun Misis Ballantyne a tarago ba.

Na haɗo da bayani shafi uku, da sa hannuna da lambar tsohuwar shaidar aikina, kan yadda man kitse ke yi idan inji ya tsaya. A shafi na ƙarshe na rubuta abin da na gaya miki a nan, don lauyansu zai tambaya me ya sa kawun nan masani bai yi magana da wuri ba, kuma gara su ji daga bakina. Ki miƙa duka ukun. Kada ki cire na ƙarshen don tausayina.

Idan bayan wannan ba ki son sake ganin rubutuna, ba zan ce kin yi laifi ba, ba kuma sai kin amsa ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo, shi ma ba don ni ba. Yau ɗin nan, kafin ku ci abinci, Lucien ya buga wa Wilf waya. Ya ce masa ranar Asabar ya sauke makunnin tun daga tasha, kuma wannan karon kada ya tambayi kowa.

Kawunki,
Orval